Kunnen da ke rufin motata

Jiya da safe, jama'a, hukuma ta kama ni da laifin ƙure waƙa alhali rediyona a kashe yake. Ku riƙe dariyarku tukuna, ku bari in kai ƙarshe.

Na fito ne zan sayo wa matata Odessa tarwaɗa da garin masara, na biyo titinmu ina lallaɓawa. Duk wanda ya san titinmu ya san ba a gudu a kansa. Ramukansa sun girmi wasu jikokina, akwai ma ɗaya a gaban coci da muka raɗa wa suna Tafkin Alƙawari, don duk zaɓe sai manya sun zo sun tsaya a bakinsa an ɗauke su hoto. Ina cikin wannan tafiyar hawainiya sai bayan motar ya ɗauki wani irin ƙugi, buuuu, madubi na rawa, lambar mota na karkarwa, haƙoran robana na neman barin bakina. Na rage murya, ba abin da ya ragu. Na kashe rediyon ɗungurum, ƙugin ya ƙaru. Kafin in gama tunani sai ga fitilar 'yan sanda a bayana.

Ofisa Pettway ne, wanda a coci kujera ɗaya ce tsakaninmu. Ya zo riƙe da sabuwar na'urar awon ƙara yana kallonta kamar jariri.

“Mista Tolliver, kai ma? Da furfurarka?”

“Ɗana, leƙo ka gani, rediyon a kashe yake.”

“Me ka ce?”

“Na ce A KASHE YAKE!”

“Buɗe ƙofa ka fito, ba na jin ka.”

Ina buɗe ƙofa, ɗif, ƙugin ya ɗauke. Ya dube ni, ya girgiza kai. “Ka gani? Da ka ga dama ai ka kashe. Haba Mista Tolliver, ƙarya kuma a shekarunka?”

Nan take aka kira janwe. Ina tsaye a bakin Tafkin Alƙawari aka ɗaga motata aka yi gaba da ita, wai sai alƙali ya zauna mako mai zuwa, in an same ni da laifi kuma tana iya ƙarewa a gwanjo. Haka Dokar Natsuwa ta tanada. Wannan doka kuwa kyauta ce daga magajin garinmu, Mai Girma Uban Natsuwa, Garkuwar Kunnuwan Talakawa, Allah ya ƙara masa kwanciyar hankali. Ya duba garin nan tsaf, ya ga ramuka, ya ga ruwan famfo mai launin shayi, ya ga fitilun titi da suka mutu, sai basirarsa ta nuna masa cewa babbar cutarmu ita ce kiɗan da ke fita daga but ɗin motocin mutane. An bar jaki ana dukan taiki, amma wane ni in koya wa manya aiki.

Abin da ya tayar min da hankali ba motar ba ce don kanta. Maƙwabcina Cleophus ne. Ana yi masa wankin ƙoda a babban asibitin da ke can wani gari, ni nake kai shi, kuma washegari da safe ranarsa ce. Wankin ƙoda ba aski ba ne da za ka ce a bari sai wani makon. A da akwai bas ɗin hukuma da ke zuwa can, an dakatar da shi “na ɗan lokaci” a shekarar da aka gina wa ofishin manya famfon ado mai feshin ruwa da fitilu. Famfon nan har waƙa yake yi, kuma daga layin bayan kasuwa ana jin sa. Na'urar Ofisa Pettway dai ba ta taɓa bi ta wajen ba.

Za ku ce me ya kai tsoho sa amfilifaya mai ƙara ƙarfin sauti da wufa, manyan lasifikun nan masu girgiza ƙirji, a mota. Ina ruwanku? Na ƙare ƙuruciyata a kamfanin fige kaji, injuna sun cinye min rabin ji, yanzu na yi ritaya ina son in ji kiɗan zamaninmu a ƙirjina kafin in tafi. Rediyon da motar ta zo da shi daga kamfani muryarsa kamar sauro a gwangwani. Da na faɗa wa Cleophus zan kai wa masu gyara, sai ya ce zagi ne.

“Lucius, ina raye za ka kai wa bare? Na kalli yadda ake yi a waya, ba komai ba ne.”

Ranar Asabar da ta wuce da kuma Lahadi bayan coci muka duƙufa. Shi yana zaune a kujerar roba a inuwa yana ba da umarni da sanda, ni ina kwance a ƙarƙashin sitiyari ƙafafu a sama. Muka jawo jar waya mai kaurin yatsa daga batir, muka sa mata fiyus, muka cusa ta ƙarƙashin kafet har but. Muka kankare fenti muka ɗaure baƙar waya a jikin ƙarfe. Tunda ba ma son cire rediyon kamfani, sai muka tsinko sauti daga wayoyin lasifikun baya muka ba amfilifaya. Sannan muka ɗora akwatin wufa, lasifiku biyu kowanne faɗin faranti. Odessa ta fito da shayi mai ƙanƙara, ta leƙa but ɗin.

“Lucius Tolliver, akwatin gawar wa ka sayo?”

“Kayan sauti ne, mata.”

“To ina zan riƙa sa kayan cefane? A kanka?”

Da muka gama muka gwada, kuma mun gwada ne yadda kowane mai mutunci a unguwarmu yake gwadawa: mota a tsaye, ƙofofi huɗu a wangale, but a buɗe, don maƙwabta su shaida. Wa zai sha wannan wahala sannan ya rufe ƙofa ya ji shi kaɗai? Sauti ya fito tas. Cleophus ya miƙe ya taka rawa da sandarsa, rabon da in ga haƙoransa haka tun kafin ciwon nan ya kama shi. Ko kusa bai zo mana a rai mu rufe ƙofa mu zaga layi ba.

Da na dawo gida a ƙafa jiya na ba shi labari, sai ya ce, “Kada ka damu, ɗan'uwa, fashin rana ɗaya ba zai kashe ni ba.” Ƙarya yake yi, kuma ya san na sani. Na ga yadda ƙafafunsa suka kumbura a cikin silifa, raina ya ɓaci ƙwarai.

Aka yi dace jiya ce ranar da manya suka ware suka kira ta Ranar Sauraron Jama'a. Na sa kwat ɗina na coci na tafi. Tsarin gwanin sha'awa ne: ka bi layi, a ba ka abin magana, kana cikin gaisuwa a buga ƙararrawa. Manya na jere a kan dogon teburi, kowa ya sunkuyar da kai cikin ladabi yana duba wayarsa. Wata baiwar Allah ta zo da ruwan famfonta a kwalba, aka gode mata. Wani ya kawo kukan rami, aka gode masa. Da aka zo kaina na ce rediyona a kashe yake, na ce akwai mara lafiya, ban kai ga sunan Cleophus ba aka buga ƙararrawa.

Mai Girma Uban Natsuwa ya ɗago ya yi murmushin nan na jikin fosta. “Mun ji, mun kuma saurara. Za a kafa kwamiti.”

Ina fita sai wani mai sheƙin kwat ya biyo ni, irin waɗanda ke tafiya a bayan manya suna riƙe musu laima.

“Mista Tolliver, an ce kayan nan naka daga coci har gidan mai ana jin su?”

“Haka na'urarku ta ce.”

“Madalla. Ka san ranar Asabar da yamma Mai Girma zai zaga gari neman ƙuri'a. Lasifikun da hukuma ta sayo bara, to, ruwa ya ɗan taɓa su.”

“Ba su ne aka yanka wa zare da almakashi ba?”

“Su ne. An bar su a waje. In za ka sa motarka a gaban ayari ta riƙa watsa jawabin Mai Girma, ina ganin yau ɗin nan za a iya gano cewa kuskure aka yi.”

“Ita Dokar Natsuwar fa?”

Ya dube ni da tausayi. “Haba Mista Tolliver. Wancan ƙara ce, wannan kuwa saƙo ne.”

Jama'a, na so in ba shi amsar da zai kai wa jikokinsa. Amsar na bakina, har na ji ɗanɗanonta. Sai na tuna ƙafafun Cleophus, na haɗiye ta. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, in ji masu magana, amma ba su faɗi yadda gwiwa ke ciwo ba. Na ce masa Allah ya ja zamanin Mai Girma.

Kafin la'asar ina filin da ake tara motocin da aka kama. Mis Vernice ce ke riƙe da makullin wurin, mace mai jiki da ba ta ɓata magana. Da na ba ta labari ba ta ko yi mamaki ba.

“Shiga ka tayar. Rufe ƙofa. Ɗan taɓa totur.”

Buuuu.

“Buɗe.”

Ɗif.

Ta nuna min wasu 'yan ƙananan huji a rufin motar, daidai saman kaina. “Ka ga wannan? Kunne ne. Kamfani ya sa shi yana sauraron gurnanin inji, sai ya aika wa lasifika wani ɗan sauti da zai danne shi, don ka ji shiru a ciki. Ku kuma kun je kun ba ɗan sautin nan amfilifaya da wufa biyu. Kunnen ya ji ƙugi, ya aika a danne, wufa ta ƙara ƙugi, ya sake aikawa. Mota ce ke faɗa da kanta. In an buɗe ƙofa ne kawai yake hutawa.”

“To maganin?”

“A zare wayarsa. Ga soket ɗin can a bayan rediyo.” Ta nuna layin motoci da haɓa. “Rabin waɗancan ma ciwonsu ke nan.”

Na daɗe a zaune da soket ɗin a hannuna, shaiɗan yana min raɗa. Ayarin neman ƙuri'a a hankali yake tafiya, ga ramuka, ga ƙofofi a rufe. In na bar kunnen nan a maƙale har Asabar, Mai Girma zai buɗe baki ya yi alƙawarin kwalta, gari kuma ya ji buuuu daga coci har gidan mai. Da an yi shekaru ana ba da labarina a shagon aski. Amma a yammacin Asabar ɗin za a mayar da motar wurin Mis Vernice, ƙodar Cleophus kuma ba ta san raha ba. Da hannuna na zare wayar.

Yau da safe na kai shi asibiti a kan lokaci. A hanya muka rufe ƙofofi muka ƙure kiɗa, ya kwantar da kai ya lumshe ido yana buga sanda a ƙasa. Ban gaya masa abin da na biya ba, zai gani da idonsa ranar Asabar. Don haka maƙwabta, in kun ga motata a gaban ayari tana rantse muku cewa bana za a cike Tafkin Alƙawari, kada ku jefe ta, gilashin nawa ne. Ku dai tsaya ku yaba aikin hannunmu, don ba a taɓa jin ƙarya da sauti mai kyau haka a garin nan ba.

Na yi wa Odessa bayanin duka: yanzu motar ba ta jin komai, sai dai ta yi magana, kuma muryarta ta fi ta kowa. Ta ajiye cokali ta dube ni.

“To me kake jira, Lucius? Je ka sa sunanta a takara.”