Bankin Farfesa

"Nan da wata biyu, ni da bashi ko a hanya ba za mu gaisa ba!" in ji mai kula da siton kamfaninmu. Farfesa muke kiransa, saboda biro uku da yake jerawa a aljihu, biyu ba sa rubutu.

Bari ka ji yadda abin yake. Akwai Mai Jaka, mutumin da ke zama a ƙofar kamfani ranar albashi. Ya ba ka dubu goma, ka dawo da sha uku. Shekara guda albashin Farfesa bai kwana a hannunsa ba: ya biya da safe, ya sake ranta da yamma.

Sai gogan naka ya ɓullo da dabara.

"Ku kanku a kulle yake! Zan ranci dubu ɗari wurin Mai Jaka, in ba mutane bashi da ruwan da ya fi nasa. Riba ta cinye tsohon bashi, in huta."

Na ce, "In suka ƙi biya fa?"

"Ni? Ido kawai nake kallo in gane mai gaskiya."

Mai Jaka ya ce sai da jingina. Farfesa ya miƙa takardun babur ɗinsa, wanda yake kai yaransa makaranta a kai.

Kwana biyu kuɗin suka ƙare. Direba ya karɓa, mai gadi ya karɓa, har wani lebura da ko sunansa bai tambaya ba. Farfesa kuwa sai hura hanci: "A bi layi, don Allah!"

Wata ya ƙare. Direba ya ce matarsa ta haihu. Lebura ashe ya bar aiki. Mai gadi, da aikinsa tsayuwa a ƙofa, ko inuwarsa ba a gani.

Mai Jaka ya iso. "Su wa ka ba?"

Farfesa ya lissafa. Mai Jaka ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Ai duk waɗanda na hana ne! Mai niyyar biya, me zai kai shi wurin mai tsada?"

Ya karɓi makulli ya ɗare babur. Wallahi na tausaya wa Farfesa. Ya lalube aljihu, ba komai sai biro uku.

Mai Jaka ya waiwayo. "Ba kuɗin mota, ko? Ga ɗari biyar. Ka dawo da ɗari shida da hamsin."

Farfesa ya dube mu, ya gyara murya, ya miƙa hannu.

"Zuwa ƙarshen wata, ko?"