Ramin da Manhaja Ta Ce Babu Shi

Ranar Talata gari ya waye da ruwa kamar da bakin ƙwarya, titinmu ya koma kogi. Ni kuwa ga kiret goma na ƙwai a bayan babur ɗin Kawu, zan rarraba wa masu shago. Aikina na huɗu ke nan tun da na bar makaranta, kuma Kawu ya rantse daga shi ya wanke hannunsa a kaina.

"Kada ka bi ta kwalbati," in ji shi. "Gwaggonka ta turo saƙon murya, wai ta rufta."

Na yi murmushi irin na wayayyu. Ai Mai Girma Babban Mai Almakashi, Allah ya ƙara wa hannunsa ƙarfin yanka kirtanin buɗe ayyuka, ya ƙaddamar mana da manhajar tantance labarai. Ka tura mata labari, in gaskiya ne ta nuna kore, in ƙarya ne ta nuna ja. Na tura mata na Gwaggo. Ja wur! Har da hoton kwalbatin sabuwa fil, manya a kanta suna tafi.

"Kawu, zamani ya wuce jita-jita."

"To, Malam Zamani, a sauka lafiya."

Ban sauka ba, jama'a, nutsewa na yi a ramin kwalbatin. Mai facin bakin hanya ne ya jawo ni ta wuyan riga, gwaiduwa tana bin kunnena.

"Kai ne na uku yau," in ji shi. "Kuma kowannenku da waya yake zuwa."

Na zaro tawa daga leda, na ɗauki hoton ramin, ga tayar babur tana leƙe, na tura. Ja! Wai labarin bogi ne, in guji yaɗawa.

Mai faci ya yi dariya har da riƙe ciki. "Yaro, surukina ke share ofishin masu manhajar nan. Ita fa ba titi take dubawa ba, takardun manya take dubawa. A takarda kuwa, sau biyu aka gyara kwalbatin nan bara."

Wallahi na jinjina musu. A da sai an sha wahalar cike rami da siminti. Yanzu ƙaryata shi kawai ake yi, ba ƙura, ba hayaniya.

Na turo babur gida, na ce, "Kawu, a hukumance fa ban faɗa ko'ina ba."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Madalla. Ni ma a hukumance ban kore ka ba. Kawo makullin."

Ban tambayi manhaja ba, don haka kada ku yarda da ni. Abin dai da ya tafi: ƙwai ɗari uku, fitilar babur ɗaya, takalmi ƙafa ɗaya, haƙori ɗaya, aiki ɗaya.