Ranar da Na Bi 'Yata a Ɓoye

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a titin Jalan Tuanku Abdul Rahman ba, kuma ko ni na manta, matan Arewa da ke Kuala Lumpur ba za su bar ni ba. Bari dai in faro daga farko, don kada ku ɗauka tsautsayi ne ya sa na zubar da girmana a tsakiyar shagon yadi. Sai da na zauna na shirya abin da hannuna.

Mun zo Malesiya ne lokacin da maigidana ya samu tallafin karatun digiri na uku. Muka kama gida a unguwar Setapak, hawa na goma sha ɗaya. Babbar 'yarmu Nabila tana da shekara goma sha biyu a lokacin. Makarantu masu zaman kansu sun fi ƙarfinmu, ta gwamnati kuma ba mu samu shiga ba. Ni kuwa malama ce tun a Kano, shekara tara ina koyar da ilimin halittu a sakandaren 'yan mata. Sai na ce me ake jira? Teburin cin abinci ya koma aji, na manna jadawali a jikin firji, muka fara.

Abin da na fara bisa dole, cikin shekara uku ya zama abin taƙamata. Kuma gaskiya yarinyar ta fito. Nabila tana shekara goma sha biyar ta iya tuƙa tuwo ba gudaji, tana karanta littattafan da babanta ke arowa daga jami'a, idan baƙi sun zo ta durƙusa ta gaishe su da Hausar da ba ta gauraye da Turanci ba. Duk wanda ya yaba ta, ni ce nake amsawa (ita ko bakinta ba ta kai ga buɗewa ba na riga na ce ai aikin karatun gida ne).

Duk wata muna haɗuwa mu matan Arewa a gidan ɗaya daga cikinmu. Wannan karon a unguwar Cheras ne, gidan Maman Ilham. Mijinta malami ne a wata jami'ar gwamnati, shi ya sa 'yarsu Ilham, sa'ar Nabila, ta samu shiga makarantar gwamnati. Muna cikin cin waina Ilham ta shigo daga wasan ƙwallon raga, gumi sharkaf, ta gaishe mu a tsaye, uwarta ta ce ta je ta yi wanka ta amsa da Malay, "boleh lah, Mama," wato to shi ke nan, ta wuce. Ba wanda ya tambaye ni komai. Ni ce na ajiye cokali na fara lacca.

Na ce yaran makaranta jiki kawai suke girma, hankalinsu yana hannun ƙawaye. Na ce yaron da ya tashi a gaban uwarsa ya fi nutsuwa, ya fi sanin ya kamata, kuma ya fi farin ciki, don ba wanda ke tsokanarsa, ba gasar sutura, ba tashin asuba ana gudun kada motar makaranta ta wuce. Na ce shekara uku Nabila ba ta taɓa yi mini ƙorafi ba. Na daɗe ina zuba. Maman Ilham mace ce mai sanyin magana, ta bari har na gaji, sannan ta tambaye ni ko Nabila ta taɓa shiga jirgin ƙasa ita kaɗai.

Ba ta taɓa ba. Ko kedai, ɗan shagon da ke ƙasan gininmu, ta je sayen burodi, ina baranda ina leƙenta. Amma sai na ji bakina yana cewa ko gobe za ta iya zagaye garin nan ido rufe. A nan aka ɗaure ni da maganata. Akwai sunan da za a yi a gidan ɗaya daga cikinmu, ana neman waɗanda za su je titin masu yadi na Jalan Tuanku Abdul Rahman su zaɓo yadin anko. Aka ce to Ilham da Nabila su je ranar Asabar, kowacce ta taho daga unguwarsu, su haɗu a tashar Masjid Jamek. Na ce ai wannan ƙaramin abu ne.

Ranar Asabar da hantsi Nabila ta fita, bayan na maimaita mata sunan tashar da za ta sauka sau ba adadi. Ƙofa na rufuwa na ɗauko wani dogon hijabi ruwan toka da aka kawo mini tsaraba ban taɓa sa shi ba, na ɗaura takunkumi, na ƙara da baƙin tabarau. Babanta ya ɗago daga kwamfuta ya kalle ni tun daga sama har ƙasa. Na ce masa kasuwa zan je. Ya ce Allah ya tsare, ya kuma tsare mutanen kasuwar. (Har yau yana cewa ya san abin da zan yi, ya bar ni ne don ya ga ƙarshen fim ɗin.)

Na gaya wa kaina tsaro zan ba ta. Gaskiyar ita ce ina so in gani da idona yadda tawa za ta yi abin manya, waccan kuma ta yi shirme, in samu abin faɗa a taron wata mai zuwa.

Na shiga tarago na bayan nata, ina leƙenta ta tsakanin kafaɗun mutane. Ta tashi ta ba wata tsohuwa 'yar China kujera, na ji kaina ya ƙara girma. Ta sauka daidai inda aka ce. Ilham tana jiranta a bakin matakala, suka rungume juna suka kama hanya, ni kuma ina biye, nisan da bai fi taku ashirin ba.

Abin da na fara gani bai shiga lissafina ba. Ilham ce take jan hanya, ta san kowane lungu, tana magana da masu shago da Malay kamar a nan aka yanke mata cibiya. Nabila kuma ita ce take murza yadi da yatsu, ta ɗaga shi a haske, ta girgiza kai. Sai kuma dariya. Ilham ta yafa wani yadi mai ƙyalli tana kwaikwayon tafiyar wata daga cikin iyayen taronmu (na gane wacece, ba zan faɗa ba), Nabila ta tuntsire har tana riƙe ƙarfen rumfa. Na tsaya a bayan wani mai sayar da ɗankwali ina kallo. Ban san 'yata tana da irin wannan dariyar ba. A gida murmushi take yi. Wani abu ya ɗan soke ni a ƙirji, na ce zafin rana ne, na ci gaba da binsu.

Shago na huɗu babba ne, hawa biyu, da mai gadi a ƙofa. Suka hau sama, na hau. Na laɓe a bayan wasu manyan naɗe-naɗen yadin labule. Na ga sun haɗa kai suna ɗaukar hoton kansu, na ce a raina ka ga irin abin da makaranta ke koya wa yara, ga shi har an fara koya wa tawa. Sai wayata ta yi motsi a jaka.

Saƙo ne daga Nabila, da hoto. Rabin fuskarta, rabin ta Ilham, a tsakiyarsu kuma can baya ga wata halitta ruwan toka da baƙin tabarau ta leƙo daga bayan labule. A ƙasa ta rubuta: "Mami, kada hankalinki ya tashi. Wannan matar tana bina tun daga jirgi. Mun shigo inda akwai mai gadi da kyamara, Ilham za ta yi musu magana. Ba za mu fita ba sai an duba."

A nan ya kamata in fito in ce ni ce. Mace mai hankali haka za ta yi. Ni kuwa sai na rubuta mata, "Ku yi ta addu'a," na fara sanɗa zuwa matakala in gudu. Ban kai ba. Mai gadin ya hawo tare da manajar shagon, wata dattijuwar Malay mai tabarau a kan hanci, suka tare ni. Ta tambaye ni da Turanci ko akwai abin da nake nema. Na maƙale murya na ce labule. Ta ce ta lura kusan rabin awa ina riƙe da labule ɗaya. Ta roƙe ni cikin ladabi in cire tabarau. Masu sayayya suka fara taruwa. Ina hango yaran can gefe, Nabila ta kara waya a kunne, za ta sanar da mahaifiyarta halin da ake ciki.

Wayata ta ɗauki ƙara. Kuma ba kowace ƙara ba, muryar ƙanin Nabila ce yana ɗan shekara uku yana cewa "Mami ɗauki, Mami ɗauki," wadda na sa tun muna Kano na ƙi canzawa. Shagon ya yi tsit, sai muryar nan tana ta maimaitawa daga cikin jakata. Na ga Nabila ta sauke wayar a hankali. Ta kalli jakar, ta kalli takalmina. Na cire tabarau, na sauke takunkumi, don ba sauran abin ɓoyewa.

Ilham ta toshe baki da hannu biyu, kafaɗunta na rawa. Ni da nake shekara arba'in da ɗaya na tsaya riƙe da tabarau a hannu. Nabila ce ta tako ta tsaya kusa da ni, ta riƙe hannuna, ta ce wa manajar, "Ki yi haƙuri, mahaifiyata ce. Yau ne karo na farko da na fita ni kaɗai, hankalinta bai kwanta ba. Laifinmu ne da muka tayar muku da hankali." Laifinmu, ta ce. Ilham ta haɗiye dariyarta ta ƙara bayani da Malay. Ban san me ta faɗa ba, na dai ga manajar ta yi dariya ta dafa kafaɗata, mai gadin ya koma ƙofarsa, mutane suka watse.

Muka fito da yadin da suka zaɓa, shuɗi mai duhu da ɗan zare ruwan zinare, wanda ni kaina ba zan zaɓi wanda ya fi shi ba. Ilham ta ce sai mun makan, wato mun ci abinci, ta kai mu wani mamak, shagon abincin Musulmin Indiyawa, a bayan layin, ta yi mana odar roti, siririn burodinsu, da shayi. Ina zaune kamar ɗalibar da aka kama da satar amsa. Na tambayi Nabila yaushe ta lura da ni. Ta ce tun a tashar unguwarmu, don ba wanda ke sa baƙin tabarau a cikin jirgi yana ɓuya a bayan ƙarfe. Ita ce ta hana Ilham waiwaye, ita ta ce su nemi shago mai kyamara, su ɗauki hoto. Ilham kuma ita ta san shagon, ita ta san yadda za ta yi magana a saurare ta. Sun raba aikin a cikin minti ɗaya suna yi kamar suna duba leshi.

Tun da girma ya riga ya faɗi, na yi tambayar da ban taɓa yi ba. Na ce wa Nabila ta gaya mini tsakani da Allah, tana jin daɗin karatun gida? Ta juya kofinta ta ce tana so, ba ta son a kai ta wani wuri, don ba malamin da zai tsaya mata a kan darasi ɗaya kwana uku kamar ni. Sannan ta ce, "Amma Mami, wani lokacin sai in yi sati ban yi magana da sa'ata ba. Ban faɗa ba ne don na ga kina alfahari da ni."

Ilham ta ce ita shekararta ta farko a makaranta a banɗaki take cin abincinta, don ita kaɗai ce baƙar fata a ajin kuma ba ta jin ko kalma. Ta ce ta yi kuka har ta gaji, mamanta ma ba ta san rabinsa ba, yanzu kuma ita ce kyaftin ɗin ƙwallon raga. Ta faɗe shi tana tsoma roti a miya, kamar labarin wani take bayarwa. Na kalli yarinyar da na yanke wa hukunci saboda ta gaishe ni a tsaye, kunya ta biyu ta kama ni, wadda ta fi ta shagon nauyi.

Ta uku tana jirana a waya. Ashe lokacin da Nabila ta turo mini hoton, Ilham ma ta tura wa mamanta, ita kuma cikin tashin hankali ta sa shi a zauren matan Arewa, da gargaɗin a kula da wannan matar, tana bin yaranmu. Kafin in duba an yi ta Allah ya tona asirinta, wata ta ce daga gani ba ta da imani, wata ta ce a kira 'yan sanda. Can ƙasa sai wata ta rubuta cewa jakar nan kamar ta san ta. Sai na rubuta, "Ni ce. Allah ya riga ya tona." Wasu har yanzu 'yar sandan ciki suke kirana.

Nabila tana nan tana karatunta a teburinmu, kuma har gobe idan aka yaba ta kaina kumbura yake yi, sai dai yanzu ina barin ta ta amsa da kanta. Ranar Laraba da Asabar takan hau jirgi zuwa Cheras, sun shiga wani ajin ɗinki ita da Ilham, ta fara dawo mini da "lah" a ƙarshen magana ina yi kamar ban ji ba. Idan mata suka tambaye ni wanne ya fi sa yaro hankali, gida ko makaranta, nakan ce na taɓa fita takanas don in auna. Mu uku ne a shagon nan, ɗaya 'yar gida, ɗaya 'yar makaranta, ɗaya mai digiri da shekara tara a aji, kuma mai digirin ce aka kama a bayan labule.