Kilishin da Na Yanka da Hannuna

Ba zan taɓa mantawa da ranar buɗan kan amaryar Kabiru, ƙanin maigidana, ba. Ko da na so in manta, gidanmu babban gida ne, ba a rasa mai tuna mini.

Ni malamar firamare ce a wani ƙauye kusa da Bici, a nan nake aure. A shekarar bikin na kamu da son kallon girke-girke a waya. Akwai wata mata da nake bi kullum, tana nuna yadda take sarrafa nama da cuku a gidanta: ta gyara, ta busar, ta yanka fale-fale kamar takarda, ta jera a faranti. A hannunta abin ba ya ɗaukar lokaci (ban taɓa tambayar kaina irin wuƙar da take riƙewa ba, ko shekara nawa ta yi tana yi). Na ce a raina, ai wannan kilishi ne da cuku, sai dai an sa musu ado.

Da biki ya matso aka zauna shirin abin da za a tari dangin amarya da shi, waɗanda za su zo daga Bacirawa. Maigidana ya sayo cinyar saniya, ya ce zai kai wa masu kilishi a Bici su yi mana. Na ce ya bar mini.

"Malama, kin taɓa yi?" in ji shi.

"Na ga yadda ake yi."

Inna, surukata, tana gefe tana ɓarar gyaɗa. Ba ta ɗago kai ba, ta dai ce, "To, Allah ya ba da sa'a."

Da cukun na fara. Na sayi madarar shanu sabuwar tatsa, na ɗora a wuta, na zuba ruwan lemon tsami har ta tsinke. Na tace da farin ƙyalle, na ɗaure, na danne da dutsen niƙa. Da ya yi tauri na yanka shi da zare don kada ya farfashe, na soya sama-sama. Ya yi kyau, kuma wannan nasarar ce ta ƙara mini ƙarfin hali.

A wajen naman aka samu matsala. Ashe duk sirrin kilishi a yanka yake. Na wasa wuƙata a bakin turmi, na zauna, nama yana zillewa a hannuna kamar mai rai. In na so ya yi siriri sai ya yage, ya fito 'yan guntaye. In na so ya yi faɗi sai ya fito da kaurin tafin hannu. Bayana ya ƙage, yatsana ya sha yanka. Daga ƙarshe na yanke wa kaina hukunci cewa kauri ba aibi ba ne, alamar wadata ce.

Na shanya a kan gadon kara. Guntayen suka bushe da wuri, manyan kuwa cikinsu ɗanye. Tsoron kada su yi wari ya sa na ƙara musu kwanaki a rana. Na kwaɓa labu, wato haɗin tunkuza da citta da kanumfari da masoro da barkono, na tsoma su, na sake shanyawa. Da na zo gashi kuma na bar manyan suka daɗe a kan garwashi, wai don in tabbatar sun nuna. Ƙamshi ya cika gida. Na ɗanɗana, ba zan ce ban ɗanɗana ba, amma guntayen na ci (manyan ai na baƙi ne, wa zai ɓata su?). Suka narke a bakina.

Ranar buɗan kai mata suka cika tsakar gida, an shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin darbejiya. Babbar baƙuwa ita ce Hajiya Yalwa, kakar amarya, tsohuwa mai fara'a, in ta yi dariya haƙorin Makkanta sai ya ɗauki ido. Na jera yankan cuku a gefen babban tire, na ɗora manyan kilishin nan a tsakiya, na kai gabanta na durƙusa.

Da na ajiye na tashi, da abin ya zo da sauƙi. Amma sai na tsaya.

"Hajiya, wannan ba na kasuwa ba ne. Ni na yanka, ni na haɗa, duk a gidan nan."

"Ma sha Allah. Kun ji matan da suka yi boko ba su yar da murhu ba," in ji ta, tana nuna ni ga 'yan uwanta.

Ta zaɓi wanda ya fi kowanne girma. Ta gwada yagawa da hannu, ya ƙi. Ta yi bisimilla ta kai baki, ta ciza, ta ja. Ina durƙushe ina murmushi, ina jiran yabo. Ta sake ja da ƙarfi. Sai muka ji wata 'yar ƙara, ƙas.

Hajiya ta dafe baki da gefen mayafi. Da ta sauke hannu, inda zinariya take babu komai sai wani ɗan guntun haƙori baƙi.

Wata ta ce a duba tabarma, mata suka fara ɗaga zannuwa suna karkaɗewa, wata tana cewa Allah ya sa ba ta haɗiye ba. Ni ma na shiga lalube da rarrafe. Inna ce ta miƙa hannu ta karɓi kilishin da ke hannun Hajiya, ta juya shi. Ga haƙorin nan a kafe cikin nama, yana walƙiya. Sai da aka sa tsinke aka zaƙulo shi.

Hajiya ta goge shi, ta riƙe a tafin hannu tana kallo.

"Marigayi Alhaji ne ya sa aka saka mini, shekarar da muka sauke farali tare," ta ce a hankali. "Ya ci rake, ya ci aya, ya ci ƙashin kaza, bai taɓa motsi ba."

Na ce, "Hajiya, don Allah ki yafe mini."

Ta ƙulle haƙorin a bakin mayafi, ta dube ni.

"Tashi, 'yar nan, ba da gangan kika yi ba. Amma in akwai saura ki ba maigidanki, ya ajiye saboda ranar da ƙofa za ta ɓalle."

Dariyar da aka yi har maza suka jiyo daga zaure. Amarya ma, da ke lulluɓe, na ga kafaɗunta suna rawa. Aka janye kilishin. Hajiya ta jawo tiren ta ci cuku, don shi kaɗai bakinta zai iya, ta ce ya yi daɗi. Ba wanda ya ji wannan yabon sai ni.

A satin maigidana ya ɗauke ta a mota zuwa wajen likitan haƙori a Kano aka mayar mata. Ni na raka su, na zauna a baya har muka je muka dawo. Zumunci bai ɓaci ba, alhamdu lillahi. Sai dai har yau in na je Bacirawa suna ko biki, da na yi sallama sai in ji wata ta ce, "Masu haƙorin Makka a rufe baki, ga Malama nan."

Ban daina cuku ba, ina yi, ana ci. Kilishi kuwa na bar wa masu shi. Abin da na koya bai da yawa: in zan kai wa babba abinci, yankan da ya fi girma shi nake fara gwadawa da haƙorina, kuma ba na cewa ni na yi sai na ga ya haɗiye lafiya.