Rasuwar Firigon da Ya Riƙe Mini Fumfuna

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ta daina jin zafi, ni Najaha Illa, ɗalibar kimiyya, nake sanar da rasuwar firigona, wato firijina, wanda ya cika ranar Talata, sha tara ga azumi, bayan azahar, a ɗakin Inna, nan Matameye. Shekarunsa goma sha ɗaya, huɗu daga ciki a hannuna.

Marigayi bai shiga aji ba, amma shi ya riƙe mini karatuna. A cikinsa nake ajiye fumfuna, koriyar nan da ke fitowa a jikin ruɓaɓɓen lemo, wadda daga danginta masana'antu ke samun penisilin. Aikina zaɓe ne: in shuka ta a faifan gilashi, in duba wadda ta fi kashe ƙwayoyin cutar da ke kewaye da ita, in ɗebi irinta in sake shukawa. Shekara uku, faifai sittin da biyu. Unguwa ta sa mini suna Mai Kiwon Ruɓa. Shi kuwa bai taɓa cewa komai ba sai “zzzz”. In an ɗauke wuta ya jira, in an kawo ya ce “ƙit”, ya ci gaba.

Ciwon ajali ya zo da zafin bazara. Mu kaɗai ke da firigo a layinmu, kuma ba a hana mai azumi ruwan sanyi. Na manna gargaɗi a ƙofarsa da Hausa da Faransanci; Gwaggo Shekara ta ce takarda ba ta azumi. Na tafi Damagaram wajen malamina kwana biyu. Aka cusa masa jarkoki bakwai da kunu da zafinsa, ana buɗe shi kamar ƙofar zaure. Inna ta kwashe faya-fayaina ta jera a taga don kada su ɓata wa mutane abin buɗa-baki, ta lulluɓe su da mayafinta na fita unguwa. Ya yi “ƙur-ƙur” sau uku, in ji ta, ya yi shiru. Malam Idrisa mai gyara ya tabbatar inji ya ƙone.

Faifai sittin da ɗaya sun bi shi, har da gwanar cikinsu. Ya bar ni, ya bar Inna da ba ta iya haɗa ido da ni, da maƙwabtan da tuni suka koma sayen ƙanƙara a tasha. Ya bar marainiya guda, fumfunar faifai lamba tara, wadda na tafi da ita a jaka. Raguwa ce, amma tana da rai.

Ban yi kuka ba. Na wanke gilasai.

Babu salla, ƙarfe ne. Amalanken Ɗanladi zai kai shi wajen maƙera ranar kasuwa da hantsi. Masu ta'aziyya su bar “ki haƙura ki nemi wani aiki” a gida, su zo da guga ɗaya na ruwa. Lamba tara tana cikin randa, randar tana cikin jiƙaƙƙen yashi, yashin yana son ruwa sau uku a yini. Jiya Mai Kiwon Ruɓa ta sake shuka.