Ranar Da Na Kai Ƙarar Masu Gishirin Foga

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tsaya gaban Sarkin Kasuwar Kalgo ina kumfar baki ba. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun yi zafi.

Lokacin nan Turawa sun shata iyaka tsakaninmu da ƙasar Faransi, amma jaki bai san da ita ba. Zabarmawa suka yi ta kwararowa, suna gudun aikin tilas, jakunansu niƙi-niƙi da gishirin Foga, wani kwari da ake dafa gishiri a ƙasarsu. Gishiri ya yi araha, mata na murna, masu fura da masu masauki na ciniki. Mu 'yan gishiri na gida kuwa sai korar ƙuda.

Ni dai na nemo wa kaina mafita. Duk ranar kasuwa sai in yi sammako in tari wani tsohonsu, Baba Hamani, a hanyar Diggi, in saye rabin kayansa, in kasa a rumfata in ce tsohuwar ajiya ce. Ko matata ba ta sani ba.

Kwatsam 'yan'uwana masu gishiri suka ce a kai ƙara a hana baƙi kasuwa. Wa za a sa gaba? Ni, tunda Allah ya hore mini baki. In na ƙi za a zarge ni, don haka na karɓa har da buga ƙirji.

"Ranka ya daɗe," in ji ni, "gishirin mutanen ga rabinsa ƙasa ne. Ko akuyata ba ni ba ta shi. In ba a kore su ba, ɗiyanmu za su kwana da yunwa!" (Na so in matso hawaye, suka ƙi zuwa.)

Sarkin Kasuwa ya ce a kira babban baƙin ya kare kansa. Wa zan gani? Baba Hamani. Yana can wajen jakuna, bai ji ko kalma ɗaya ba. Ya durƙusa ya yi gaisuwa, aka faɗa masa abin da ake zarginsu da shi. Yana ɗaga kai ya hango ni, sai fuska ta washe.

"Alhamdu lillahi, ga shaidata! Ɗana, gaya musu. Wanga yaro shi ka ɗaukar rabin kayana kowace kasuwa, bai taɓa maido ko dunƙule guda ba. Yau ma da ban gan ka ba, na aje maka naka."

Wayyo ni! Sarkin Kasuwa ya dube ni a natse ya ce, "Ashe abin da ka hana akuyarka, mu ka ke ba?"

Dariya har da masu riƙe ciki. Aka ba baƙi rumfa, daf da tawa. 'Yan'uwana suka daina amsa gaisuwata, masu saye kuma suka wuce ni kai tsaye zuwa wurin tsohon. Abin da ya fi cin raina, kullum sai ya leƙo ya tambayi lafiyar iyali.

Tun ran nan na kama bakina. In kana cin tukunya a ɓoye, bar wani ya yi shelar a fasa ta.