Sanda Ta Yi Ajalin Shafin Mai Labule

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da ko ruwan sanyi bai kashe ba, tsohuwa mai ɗinkin labule ta bakin titi tana sanar da 'yan'uwa, maƙwabta da masu kawo mata ɗinki rasuwar shafin intanet na shagonta. Ita ba ta yi boko ba. 'Yarta ce ke rubutawa, an kuma ja mata kunne kada ta rage ko kalma ɗaya don ta ga maganar ta biyo ta kan mijinta.

Shi wannan suruki, mai gyaran kwamfuta, shi ya haɗa marigayin. Kuma a faɗi gaskiya, marigayi ya yi zaman mutunci. Bai taɓa rufe shago ya tafi cin abinci ba, bai taɓa hararar mai tayi ba. Hoton labule a hagu, lambar waya a dama. Da mutum ya taɓa lambar, sai a ji "ƙilin" daga gwangwanin zare inda tsohuwa ke ajiye wayarta. Wannan "ƙilin" shi ke riƙe da tukunyar gida.

Ciwo ya fara ne ranar da ta gama wani labulen zaure mai faɗin gaske. Ta ce a sa hotonsa cif, baki zuwa baki, don ba a haifi wanda zai sa wa aikinta almakashi ba, ko da a hoto ne. Suruki ya sa. A kwamfutarsa komai lafiya lau, har da jingina da kujera yana murmushi. A wayoyin mutane kuwa, sai ga wata sanda ta kwanta a gindin shafi, labule ya ture lamba can gefe, sai an ja sandar kamar ana jan akuya kafin a gan ta. Mai shagon magani ta ce a tata wayar sanduna biyu ne, ɗaya kwance ɗaya tsaye. A ta wani direba kuma labulen ya hau kan rubutu ya yi zamansa.

Suruki ya ce ai kowace burauza, wato ƙofar da waya ke bi ta shiga intanet, da irin halinta, a bari ya rage faɗin hoton. Tsohuwa ta ce labule bai yi laifin komai ba, sanda ce ta yi kutse, ita za a cire. Bawan Allah ya cire ta kuwa. Sanda ta ɓace, lamba na can gefe, babu kuma abin da za a ja a kai gare ta. Tun ranar gwangwani ya yi shiru. Masu kawo ɗinki suka tsallaka titi wurin telan nan da kalmasarsa ke tafiya kamar maciji.

Marigayin ya rasu ya bar keken ɗinki, almakashi, labulen zaure wanda ke nan cikakke ba a taɓa shi ba, da suruki guda da har yau yake wanke hannu ya ci abinci a gidan ba kunya.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi a ƙofar shago. Suruki zai zo da tsani da fenti, ya rubuta lambar a bango da hannunsa, manya-manya, a gaban jama'a. In bai zo ba, tsohuwa za ta kai ƙararsa wurin uwarsa, dama sun san juna. Masu ta'aziyya su taho da awon tagoginsu, ba a buƙatar kuka. Wanda ke son tabbatar da lokaci ya kira lambar da ke shafin, in ya iya ganinta.